Tafintan da Ke Cikin Ƙwan Akuya

Istifanus taubashina ne. Ubansa da uwata ciki ɗaya suka fito, a wata unguwa bayan Kafur. Su gidansu suka bi mishan, ni kuwa uwata ta auri Musulmi aka raɗa mini Asma'u. Saboda haka duk abin da zan faɗa a kansa ina da izini tun daga kakanni, ba mai kai ni ƙara. Shi ma in ya samu baki ba raga mini yake yi ba, har yau ba mu gama gardamar wane ne bawan wani ba.

Sana'arsa tafinta. Ya gama makarantar mishan ya fito da Turanci a baki, ga shi ɗan guntun mutum, ga alƙalami uku a aljihun gaba, ko ɗaya ban taɓa ganin ya yi rubutu ba. Daga Malumfashi har Funtuwa, duk inda aka ga baƙon da ba ya jin Hausa, to a duba gefensa, Istifanus na nan ya karkata kai kamar zakara na kallon shaho.

Sai dai shi ba ya fassara yadda sauran bayin Allah ke yi. Shi tace magana yake yi. Wata shekara a fulotin auduga, inda ake awonta a saya, wani Bature ya zura hannu cikin buhu ya fito da tsakuwa cike da tafi. Fuska ta yi ja, ya yi ta zuba, yana buga ƙafa, yana nuna sama yana nuna ƙasa, har hularsa ta faɗi. Da ya numfasa, Istifanus ya juyo ga manoma ya ce, "Ya ce sannunku da ƙoƙari, amma baɗi a rage tsakuwa."

Wani dattijo ya ce, "Yaro, duk wannan kumfar bakin sannu ce?"

Ya ce, "Turanci ke nan, Baba. Ɓawonsa ya fi tsabarsa yawa."

Haka yake yi a asibiti. In likita ya faɗi mai nauyi, sai ya adana ta a kumatu, ya bari mara lafiya ya ci abinci, 'yan'uwa sun iso, sannan ya riƙa sakinta kaɗan-kaɗan. In na ce masa maƙaryaci, sai ya ce, "Ke dai baiwa ba ki san aiki ba. Ni ba na ƙarya, jinkiri nake yi. Magana tuwo ce, in ka ɗura wa mutum da zafinta ƙona shi ka yi, ba ciyar da shi ba." Kuma tsakani da Allah, ya kashe wutar rigima da yawa da wannan hali nasa. Akwai waɗanda da an ba su magana yadda ta fito, da a wurin za su faɗi. Na ba shi wannan, ko da yake ba a gabansa ba.

Shekarar da motoci suka koma hannun dama ya auri Liatu. Doguwa ce, ba ta da yawan magana, in ka ji muryarta sama to waƙa ake yi a zumuntar mata. Ga ta da hannun kiwo, akuya ɗaya aka kai ta da ita, kafin ka ce me garke ya cika. Awaki na ta haihuwa, tagwaye bisa tagwaye, ita Liatu kuwa shiru. Shekara ta zo ta wuce, wata ta bi bayanta. Uwar Istifanus ta kira shi ta ce ita fa ta gaji da zuba wa kaza dawa ba ta ga ƙwai ba. Ya dawo gida Liatu ta tambaye shi me Inna ta ce, ya ce, "Tana gaishe ki." Kun ji mutumin, har Hausa fassara ta yake yi zuwa Hausa.

Yana son matar nan, wannan ba na wasa a kansa. Shi ya kai ta wani asibiti a Zariya, suka yi ta sintiri, a ɗebi jini, a haska, a ba da magani, a ce su dawo. A zuwan ƙarshe likitan, wani Ba'indiye, ya cire tabarau ya ajiye, ya yi magana doguwa, yana kallon Liatu yana kallon mijinta. Da ya gama ta ce, "Malam, me ya ce?"

Istifanus ya ce, "Ya ce lokaci ne bai yi ba."

Abin da likita ya faɗa, wanda ba mu ji ba sai bayan kusan shekara goma, shi ne: sun yi iyakar abin da suka sani. Shi mijin lafiyarsa lau, ita ma ba su ga ciwo ba, amma ga dukkan alama ƙwan haihuwarta ba ya nuna, kuma ba su da maganin wannan. Ya ce kada su ɓata ƙuruciyarsu wajen jira, in akwai yaro a dangi mai bukatar uwa, su ɗauka. Wannan duka Istifanus ya tura kumatu. Ya ce a ransa bari su isa gida tukuna. Da suka isa gida ya ce bari ta huta. Da ta huta ya ga tana dariya, ya ce wa zai ɓata wannan?

Ita kuwa ta riƙe maganar da hannu biyu. Likita ya ce lokaci ne, ke nan yana tafe. Ta je kasuwar Funtuwa ta sayo zanen goyo, saƙi mai kyau, baƙi da ratsin ja, ta ninke ta sa a ƙasan kwalla.

Ba a yi shekara ba ƙanwarta ta rasu, ta bar jaririya, Jane, ko zama ba ta fara ba. Bayan an share makoki dangi suka taru, ni ma ina wurin, kuma ba wanda ya yi wahalar tunani, kowa Liatu yake kallo. Uban yarinyar, wanda ake kira Baba, shi da kansa ya ɗauko ta ya ɗora mata a cinya. Liatu ta rungume ta, ta shinshina kanta, hawaye na zuba. Yarinya ta kama mata ɗan yatsa ta ƙi saki. Muka ce shi ke nan, magana ta ƙare.

Sai ta ce, "Baba, ka yi haƙuri. Likita ya ce nawa na hanya. In na goya wannan, ran da nawa ya zo dole in sauke ta, kuma na san zuciya, marainiyar ce za ta cutu. Ku kai ta bayan da ba za a sauke ta ba."

Wallahi na ji kamar in mare ta don haushi, in kuma rungume ta don tausayi. Muka yi ta ba ta baki, ta ce ita ba za ta ci amanar 'yar ƙanwarta ba. Istifanus na zaune a kan turmi, na ga ya buɗe baki, ya rufe. Daga baya ya ce mini wai ya duba ya ga ranar makoki ce, ba a ɗora wa mai kuka wani kukan. Aka naɗe Jane aka kai wa yayar Baba a Danja.

Daga nan aka shiga jira. Ba jiƙon da Liatu ba ta sha ba. Ta yi azumi, fasto ya yi addu'a, ni ma na kawo mata rubutu daga wurin malaminmu ta shanye a bayan ɗaki, ta ce Allah ɗaya ne, kada dai in gaya wa matan zumunta. Danja kuwa ba ta iya zuwa. Duk Kirsimeti sai ta sayi takalmi ta ba direba ya kai, tana ƙiyasta girman ƙafar da ido rufe. A garkenta akwai wata farar akuya, kyakkyawa, mai ƙiba, ba bunsurun da bai san ta ba a unguwar, amma ko ɓari ba ta taɓa yi ba. Mahauta sun yi ta zarya. Liatu ta ce ba ta sayarwa, lokacinta ne bai yi ba.

Ana nan, wajen tsakiyar shekarun tamanin, aka turo wata likitar dabbobi daga Zariya, Dokta Modupe, Bayarabiya, ta yi karatu a Turai, Hausarta ba ta wuce sannu da na gode ba. Wa za a haɗa ta da shi in ba Istifanus ba? Ranar farko ta ce ya kai ta kwata. Ta tsaya da fulas ɗin ƙanƙara a hannu ta ce ya gaya wa mahauta tana son ƙwan akuya.

Ya ce ya juya maganar nan ta kowace fuska bai samu inda zai tace ta ba, dole ya faɗe ta tsirara. Kwata ta kaure da dariya. Sarkin fawa, Maiwada, ya ce, "Istifanus, ka tambaye ta, soyayye take so ko dafaffe? In ta samu ta biyo ta nan, muna da nonon zakara." Istifanus ya juya ya ce mata suna maraba da ita. Ita dai ta sunkuya kan wata akuya da aka feɗe, ta yanko wani ɗan nama a gefen mahaifa, bai fi ƙwarar gurjiya ba, ta ce nan ne gidan ƙwan. Ƙwan kansa ido ba ya ganinsa sai da madubin likita. Tun daga ranar yaran kwata ke kiran taubashina Mai Ƙwan Akuya, ni ma na taya su yaɗawa.

Kafin ta koma sai ta ce a tara mata mata masu kiwo, wanda ke da dabbar da ta ƙi haihuwa ya zo da ita. Muka taru da hantsi a gindin ɗorawa kusa da ofishin dabbobi. Liatu ta jawo farar akuyarta. Dokta ta duba dabbobi ɗaya bayan ɗaya, wata ta ce tsutsar ciki ce, wata yunwa ce, wata tsufa. Da ta zo kan farar ta daɗe tana tattaɓawa, ta yi tambayoyi, sannan ta ce a zauna, za ta yi mana bayanin irin wannan.

Istifanus ya gyara alƙalumansa ya fara. Ta ce, in ji shi, duk halittar da ke ba da nono, macenta da ƙwayayenta ake haihuwarta. Tun tana cikin uwarta aka zuba mata su, suna nan suna barci. In layi ya zo kan ɗaya, sai ya fara girma, yana girma yana tara saƙonni: ga yadda za a nuna, ga yadda za a karɓi na namiji, ga yadda za a rabu biyu, a rabu huɗu. Amma ba a aiki da su nan take. Kowane saƙo ƙulle shi ake yi a ajiye, kamar yadda uwa ke ƙulle wa matafiyi guzuri, wannan na hantsi, wannan na la'asar. In ƙwan ya kusa nuna, sai ya daina tara sabo ɗungurungum, abin da ya ƙulle da shi za a yi tafiyar. Har bayan barbara, kwanakin farko duk da guzurin uwa ake tafiya, ba a ma fara sauraron abin da uban ya zo da shi ba.

Mata suka sa shewa. Wata tsohuwa ta ce, "Ashe tun daga can ba a jin maganar maza!"

Dokta ta ci gaba, sai muka ga Istifanus ya tsaya, ya sake tambayarta, ta maimaita. Fuskarsa ta washe har kunne. Ya ce, "Jama'a, kun san sunan da masana suka sa wa kwance saƙon nan a mai da shi aiki? Fassara! Wallahi kalmar aikina ce ta faɗa. A cikin ƙwan akwai 'yan tafintoci, kuma babban aikinsu su san wane saƙo za a saki, wane za a riƙe. Ta ce in suka saki magana kafin lokacinta, ƙwai ya lalace." Ya waiwayo ya nuna ni da alƙalami. "Asma'u, kin ji ko? Shekara nawa kina ce mini maƙaryaci? Ga ilimi ya zo daga Zariya ya wanke ni. Ashe ina da abokan aiki har a cikin akuya."

Aka yi dariya, har da Liatu. Da ya san abin da ke biye da ya rage fara'a.

Dokta ta ɗaga hannu, ba ta gama ba. Ya saurara, ya fara juyowa da sauran murmushi a bakinsa. Ta ce haka kuma in aka riƙe saƙo ya wuce lokacinsa, ƙwan ba ya nuna, ko ya nuna ya tsaya a hanya tun uwar ba ta san an fara ba. Sai ka ga mace lafiyayya, namiji lafiyayye, shekara da shekaru ba labari. Ta ce yawancin wannan a jikin ɓera da kwaɗo aka gano shi, na akuya yanzu suke nema, ba za ta rantse cewa shi ke damun farar nan ba. Amma akwai wadda haka aka halicce ta, kuma ba jiƙon da ke kai wa can.

Murya ta fara yi masa ƙasa. Wata ta ce, "Har mutane?" Ya miƙa wa Dokta tambayar, ya karɓo mana amsa. "Ta ce ga alama duk mai shayarwa hanyar ɗaya ce."

Sai Liatu ta miƙe, igiyar akuya a hannunta. Matar da ba ta magana a taro. Ta ce, "Malam, tambayar mini ita. In tafintan ya riƙe saƙon har lokaci ya wuce, daga baya ya sake shi, yana da sauran amfani?"

Ya tsaya yana kallonta. Ta ce, "Tambaye ta mana." Ya tambaya. Dokta ta girgiza kai, ta faɗi 'yan kalmomi. Istifanus ya ce, "Ta ce..." ya sake farawa, "Ta ce..."

Liatu ta ce, "Bar shi. Girgiza kai ba ya son tafinta."

Muka kamo hanyar gida mu uku, akuya ta huɗu, rana na dukan ƙeya. Sai da muka wuce gonakin dawa muka kai wajen rafi ta tsaya. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Malam, akwai abin da ya daɗe yana ba ni mamaki. Likitan Zariya ya yi maganar da za a ɗora shinkafa a sauke, kai kuma ka ba ni ita loma ɗaya. Na ce ko ɓawon Turanci ne. Yau ina son ɓawon."

Ya ba ta. Abin da ya fi ba ni haushi, bai manta komai ba. Ya jero shi daki-daki, har inda likita ya cire tabarau, har inda ya ce in akwai yaro a dangi su ɗauka. Magana ta shekara goma a kumatu ko tsami ba ta yi ba. Da ya kai ƙarshe ya ce, "Na ga ba za ki iya ɗauka ba ne a lokacin."

Ta ce, "Ran da aka ɗora mini Jane a cinya fa?"

Haka muka ƙarasa gida. 

Washegari ta ce in raka ta Danja. Na ga ta ciro zanen goyon nan daga kwalla ta sa a jaka. Muka sauka daga mota muka yi tambaya aka nuna mana gidan. A ƙofa muka tarar da yarinya doguwa, kamar ƙanwar Liatu ta dawo duniya, goye da jaririn maƙwabta da wani tsumma, tana jijjiga shi. Ta durƙusa ta gaishe mu da ladabi, ta ce, "Wa za a ce?"

Liatu ta ce, "Liatu, daga Malumfashi."

Yarinya ta yi murmushi ta ce, "Au, ke ce mai aiko mini da takalmi! Na bara ya yi mini kaɗan." Ta juya cikin gida ta ƙwala kira, "Mama! Kin yi baƙi!"

Aka karɓe mu hannu bibbiyu, aka kawo fura. Yarinya ta samu uwa, an riƙe ta da kyau, tana makaranta, ba abin da za ka ce a gyara. Liatu ba ta ko ɗauko maganar da ta kawo ta ba. Da za mu tafi ta ciro zanen ta miƙa wa Jane, ta ce tsumman nan zai kwance mata. Yarinya ta yi godiya, ta sake ɗaure ɗan mutane da shi, ya zauna daram. A mota Liatu ta juya fuska wajen taga, ni kuma na yi kukan a madadinmu mu biyu.

Ba ta bar gidan ba, ba ta kai ƙara wurin fasto ba, ba ta fasa dafa masa tuwo ba. Farar akuyar ma ba ta sayar ba, ta ce ita ba ta yi wa kowa alkawari ba. Abu ɗaya ta canja. Tun daga ranar ba ta ƙara yi masa magana baki da baki ba. Duk wanda ke kusa shi ne tafinta, kuma yawanci ni ce, tun da katanga ɗaya ta raba mu. Yana zaune tana zaune, tabarma ɗaya, sai ta ce, "Asma'u, gaya wa taubashinki ruwan wanka ya yi." Ni kuwa in juya in gaya masa, da ƙarfi, yadda ta faɗa. Mutumin da ya yi wa Turawa da Indiyawa baki, ga shi a gidansa sai an yi masa.

Ya ci gaba da aikinsa, sai dai masu zuwa asibiti sun ce ya lalace, yanzu kome likita ya faɗa haka yake zubo shi da zafinsa, har an fara neman wani. Alƙaluman ma ya rage saura ɗaya.

Wata ranar Lahadi da la'asar, shekarar da aka ba mu jihar Katsina, na shiga na same su a tsakar gida, tana tsince wake, yana gyaran fitilar da ba abin da ya same ta. Ya kira ni gefe, ba baiwa, ba tsokana. Ya ce, "Asma'u, don Allah tambayar mini ita, ko ta yafe mini?"

Na ji tausayinsa, ba zan ɓoye ba. Na juya na ce, "Liatu, wai ko kin yafe masa?"

Ba ta ɗago ba. Ta fitar da wata tsakuwa daga cikin waken ta yar, ta ce, "Ki ce masa lokaci ne bai yi ba."

Na juya na faɗa masa, ban rage ko ɓawo ba.